Inda Magudanar Ta Biyo

Mutanen garin ba su cika kiran ɗan majalisar da sunansa ba, Bakomai suke ce masa. Ba zagi ba ne, shi ma ya sani, har a jikin fastocin zaɓensa an taɓa bugawa. Asalin sunan kuwa daga bakinsa ya fito. Duk wanda ya hau benen ofishinsa da kuka, kafin ya gama kora jawabi zai ji an ce, "Ba komai, za a duba." Abin mamakin shi ne ana dubawar. Da wannan hali ya yi shekara ashirin da ɗoriya a majalisar yanki, fiye da rabinsu yana shugabantar kwamitin raya birane, kujerar da ba mai kwaɗayinta sai wanda bai san ciwon kan da ke cikinta ba.

Ofishinsa na mazaɓa yana saman wani shagon sayar da fenti, shi ya sa wanda ya daɗe a ciki yakan fito da ciwon kai ya rasa dalili. Matakalar ga ƙunci ga tsayi. A sama akwai dogon baranda da benci biyu, sai ɗakinsa mai fanka ɗaya da ke juyawa tana ƙara kamar an yi mata dole. Teburi ya cinye rabin ɗakin, an shimfiɗa taswirar gari a kansa an danne da gilashi. Ranar Asabar yake ganin jama'a. Tun da hantsi bencin ke cika, wanda bai samu wuri ba ya tsuguna a matakala.

A yi masa adalci, ya yi aiki. Shi ya sa aka rufe kasuwa da kwano, shi ya fitar da tashar mota daga tsakiyar gari, kuma gidajen benen nan na bakin gari da ake ta kushewa ana rububin shiga, da bakinsa aka gina su. Bai tara wani abin duniya na a zo a gani ba. Tumbi dai ya tara, da hawan jini, da ƙafafun da ke kumbura in ya daɗe a zaune. Ya riga ya gaya wa matarsa cewa wannan zangon ne na ƙarshe. Ya gaji da tarurruka, ya gaji da murmushin dole, ya gaji da riƙe almakashi a gaban masu ɗaukar hoto.

Abu ɗaya ya rage masa, magudanar ruwa. A gangaren gari akwai unguwar da duk ruwan saman da ya sauka a tudu can yake tafiya ya kwana. Kowace damina sai ya shiga ɗakunan mutane har ƙugu, ya jiƙa katifu, ya ci gindin katanga. Shekarar da ta wuce waccan bango ya faɗa wa wasu yara, biyu ba su tashi ba. Tun yaƙin neman zaɓensa na farko, lokacin babu furfura ko ɗaya a kansa, ya tsaya a bayan mota ya yi wa mutanen unguwar alkawarin babbar magudana da za ta kwashe ruwan ta kai kogi. Sun tafa masa a ranar, kuma tun daga nan suke zaɓensa suna jira. Sai bana aka samu kuɗin aikin, da sharaɗin a fara haƙa a wannan ranin, in ba haka ba a kai wa wani yankin.

Layin farko da injiniyan hukumar tsara gari ya zana, shekaru da suka wuce tun ana jiran kuɗi, miƙaƙƙe ne daga bayan kasuwa har kogi. Amma da aka fita da jan fenti ana yi wa gine-ginen da za a rushe alama, sai Asabar ta yi, masu gine-ginen suka fara hawowa ofishinsa. Mai gidan burodi ne ya fara hawowa, hula a hannu, ya ce bai daɗe da gina tanda ba, ga mutane na ci a ƙarƙashinsa. Ɗan majalisa ya dube shi, ya dubi taswira, ya kira injiniya ya ce, "Ba komai, a ɗan karkata shi." Aka karkata. Layin ya sauka a kan katangar wata makarantar kuɗi, mai makarantar ya zo da iyayen yara, aka ƙara karkatawa. Daga nan sai mai filin da ke shirin gina gidan mai, sai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, sai wani jigon jam'iyya da ko bencin bai zauna ba, kai tsaye ya shigo. Kowa ya sauka matakala yana sa albarka. Haka aka yi ta yi har takardar injiniya ta yi laushi saboda goge-goge, layin kuma ya koma kamar sawun maciji a rairayi.

Wata Talata injiniya ya hawo da takardarsa a naɗe. Shi ma ba yaro ba ne, tare suka tsufa a kan wannan layin, kuma ya daɗe da daina gardama. Ya warware takardar a kan gilashin teburi, ya danne gefe da kofin shayi.

"Shugaba, na yi yadda ka ce. Na kauce wa garejin nan na makon jiya."

"Madalla. Ka ga ai an rabu lafiya."

"Sai dai ka duba inda ya sauka."

Ɗan majalisa ya sa tabarau ya sunkuya. Ya bi layin fensir da yatsa, ya wuce tsohon tankin ruwa, ya shiga wani lungu, ya tsaya a gidan da ke kan kwana. Bai buƙaci a karanta masa lamba ba. A lungun nan ya koyi tuƙa keke, a kwanar nan ya fasa goshi.

"Wannan ai gidan Yaya ne."

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To a ɗan karkata shi mana."

Injiniya ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce masa zauna ba. "Zuwa ina? Hagu asibitin haihuwa ne. Dama tudun layin dogo. Ruwa ba ya hawa tudu, Shugaba, ko da kwamiti gaba ɗaya ya ɗaga hannu."

"A mayar da shi inda yake tun farko."

"Inda yake tun farko yanzu tankunan mai ne a binne, gaba kaɗan bene mai hawa uku. Da muka ɗauke musu layi ai izinin gini suka nema, aka ba su. Duk inda muka bari a baya an cike shi da siminti." Ya cire hularsa ya shafa sanƙo. "Ni ma ban ga inda muka nufa ba sai da na iso. Kullum gidan da ake tserarwa muke kallo, ni da kai. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi gaba."

Ɗan majalisa ya ƙura wa ɗigon fensirin ido. Ya ji kamar mutumin da ya daɗe yana jin ana taku a bayansa ya ƙi waiwayawa.

Yaya ita ce babbar 'yar uwarsa, kuma ita kaɗai ta rage masa. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, Yaya kuwa ba ta daɗe da aure ba ta ɗauko shi ta kawo gidan. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ɗaki-ɗaki ya gina gidan, in ya samu bulo ya ɗora, in bai samu ba ya jira. A tsakar gidan ta kafa keken ɗinki, da shi ta ɗinka masa kayan makaranta, a gefensa ta zane shi ranar da ya gudu daga aji. Yanzu mijin ya rasu, 'ya'yanta sun watsu a wasu garuruwa, sun yi juyin duniya ta koma wurinsu ta ƙi. Ba ta taɓa hawa ofishinsa ba. Ba ta taɓa neman ya samar wa ɗanta aiki ba, ko ya sa a gyara mata kwatar ƙofar gida. In ya kai mata wani abu takan karɓa ta ce, "Auta, ka rage cin maiƙo," shi ke nan godiyar.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa, tana ninke wanki ba ta ko tsaya ba. "Ka je da ƙafarka ka faɗa mata kafin masu fenti su riga ka."

"Zan je."

"Yau?"

"Yau akwai zaman kwamiti."

"Gobe kuma akwai wani. A ofis ne kake shugaba, a gabanta kuwa har yanzu rawa gwiwarka take yi."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya ji haushi. Ya yi ta ja da abin, yau da gobe, har masu fenti suka riga shi.

Da rana tsaka ya je, ya bar mota a bakin titi saboda lungun ba ya cin mota. Tun daga nesa ya hango alamar a jikin katanga, ja jawur, fentin ya ɗan zuba ƙasa kafin ya bushe. Ya sunkuya ya shiga, don titi ya yi ta hawa a shekarun nan har ƙofar gidan ta zama gajera. Yaya na zaune a inuwar bishiyar lemon da mijinta ya shuka, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, tana warware ɗinkin wata tsohuwar riga da reza.

"A'a, yau manya ne a gidan? Shigo, Auta. Ka ga kwalliyar da yaranka suka yi mini a waje?"

Ya gaishe ta, ya zauna a kan kujerar roba da ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. "Na gani, Yaya."

"Na leƙa na same su suna shafawa. Na ce ku shafa da kyau, ƙanina zai sa ku dawo ku goge da hannunku. Ɗayan har yana ce mini wai umarni ne daga sama. Na ce saman nan ni na yi masa wanka." Ta yi dariya har tana tari. "Maƙwabta duk sun tsorata, na ce su kwantar da hankali, kuskure ne."

Ga ƙofa a buɗe, magana ɗaya ce zai faɗa. Ya dubi keken ɗinkin da aka rufe da zani a baranda, ya dubi ƙusar da yake rataye jakar makaranta, har yanzu tana nan ta yi tsatsa. Yaya ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a gwiwa ɗaya a jikin bishiya, ta je ta haɗo masa shayi ba sukari. Ta tsaya a kansa tana kallon ƙafafunsa.

"Dubi yadda suka kumbura. Kana shan maganin kuwa, ko sai matarka ta bi ka da shi?"

"Ina sha."

"Ƙarya kake yi, tun kana yaro in za ka yi ƙarya kunnenka kake taɓawa. To yaushe za su zo su goge mini bango? Ba na son jan nan, kamar an yanka wani abu."

Ya sauke hannunsa daga kunne. Ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, kamar yadda ya saba buɗewa shekara da shekaru.

"Ba komai, Yaya. Za a duba."

Ya fito yana jin kunyar kansa. 

Ya duba ɗin, ba a ce bai duba ba. Ya je wurin mai gidan burodi, wanda yanzu tandarsa ta zama uku, ya tambaye shi ko zai yarda layin ya dawo ta gefen filinsa. Mutumin ya yi ta jajantawa, ya ce wallahi da hali da ya yi, sannan ya sa aka cika but ɗin mota da burodi mai zafi. Mai makaranta ya ce sai ya tuntuɓi lauyansa. Jigon jam'iyya bai ɗauki waya ba. Ya sa injiniya ya sake aunawa ko za a iya binne bututu a ƙarƙashin gidan a bar ginin a tsaye, injiniya ya auna don ya faranta masa, ya dawo ya ce faɗin magudanar ya fi faɗin gidan.

A zaman kwamiti kuwa, a ɗakin nan mai sanyin na'ura inda rabin mambobi ke gyangyaɗi rabi na latsa waya, wani abokin aikinsa ya matso ya yi masa raɗa. "Me kake wahalar da kanka? Kai ne shugaba. Ka ce a dakatar da aikin a sake nazari, mu ɗaga hannu. Nazari ai ba ya ƙarewa. Kai da za ka sauka, wa zai tambaye ka?"

Maganar ta shige shi, kuma ya ji daɗinta, ba zai ɓoye wa kansa ba. Kalma ɗaya ce, dakatarwa, ya sha faɗinta a kan ayyukan wasu. Kuɗin za su tafi wani yankin, Yaya ta ƙarasa kwanakinta a ƙarƙashin bishiyarta, shi kuma ya koma gida ya ɗora ƙafa a kan matashi. Bai ce a dakatar ba a ranar, bai kuma ce a ci gaba ba. Ya ɗage zaman.

A hanyar komawa ya ce wa direba su bi ta gangare. Rani ne, ƙasa a bushe, amma kowane bango a unguwar yana da zanen inda ruwan bara ya tsaya, wani a ƙugu wani a ƙirji. Mutane sun ɗaga dokin ƙofa da bulo har sai an ɗaga ƙafa sosai kafin a shiga ɗaki. Wani magidanci yana cika buhuna da yashi tun yanzu yana jerawa. Da ya ga motar ya gane ta, ya taso yana goge hannu a riga, ya leƙo ta taga.

"Ranka ya daɗe, an ce bana za a fara?"

"Haka aka ce."

"To Allah ya sa. Mun ji an ce an shafa fenti har kusa da layin dogo, muka ce to wannan karon da gaske ne." Ya yi murmushi, haƙoransa biyu babu. "Matata ta ce kar in sayi yashi bana, na ce bari dai in saya."

Ɗan majalisa ya gyaɗa kai, ya ce wa direba su tafi. A daren bai ci abinci ba, matarsa kuma ba ta tambaye shi dalili ba.

Ranar Asabar ya hau ofis da wuri. Bai daɗe da zama ba sakatarensa ya shigo ya rufe ƙofa a hankali, fuskarsa kamar ya ga abin da bai kamata ya gani ba.

"Ranka ya daɗe, Yaya ce a waje."

"Wace Yaya?"

"Taka. Tana kan benci. Na ce ta shigo, ta ce ba ta riga kowa zuwa ba, za ta jira layinta."

Ya miƙe ya buɗe ƙofa. Tana can ƙarshen benci na biyu, tsakanin wani mai gyaran babur da wata mata mai goyo, ta sa mayafinta na fita unguwa, ta riƙe jaka a cinya da hannu biyu. Numfashinta bai gama daidaita ba daga hawan matakala. Jama'a suka miƙe suna gaishe shi. Ya nufe ta.

"Yaya, me ya kawo ki nan? Da kin aiko ai da na zo. Taso mu shiga."

"Koma ka yi aikinka," ta ce, ba ta ɗago ba. "Waɗannan sun riga ni."

Ya san muryar. Da ita take cewa ya koma ya sake wanke kwano. Ya koma ciki.

Bai taɓa jin safiya mai tsawo irin wannan ba. Wani ya shigo a kan rumfarsa da aka ce ta shiga titi, wata a kan fitilar layinsu da ta mutu, wani kuma ya zo ne kawai ya gaishe shi ya nemi na mota. Yana jinsu yana gyaɗa kai, amma duk buɗe ƙofar da za a yi sai ya hango gefen mayafinta ya matso kusa. Sau biyu sakatare ya kai mata ruwa, sau biyu ya dawo da shi. Rana ta take sosai kafin layi ya zo kanta.

Ta shigo ta tsaya a gaban teburi har sai da ya ce ta zauna, kamar baƙuwa. Ta zauna a bakin kujera. Ta dubi taswirar da ke ƙarƙashin gilashi, ta kawar da kai, don ba ta san kan taswira ba.

"Masu katafila sun zo jiya suna auna lungu," ta ce. "Na ce musu kuskure ne. Maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce, ke dai ba ki san yadda ake yi ba. Wai fentin nan ba ya goguwa sai mutum ya zo nan ya zauna a benci ya roƙa. Ta lissafa mini waɗanda suka zo aka ɗauke musu. To na zo, na zauna."

"Yaya, don Allah."

"Bari in gama, tun jiya nake haɗa maganar." Ta gyara riƙon jakarta. "Ni tsohuwa ce, mijina ya rasu. Shi ya gina gidan da hannunsa. A ciki na haifi 'ya'yana, a ciki na yi jinyarsa. An ce za a ba ni ɗaki a gidajen bene na bakin gari. Ni wannan matakalar taka ma sai da na huta sau uku. Ban san kowa a can ba. In na faɗi a banɗaki ba wanda zai ji. Ina roƙo a taimaka a ɗan karkata shi, yadda aka yi wa sauran."

Ta faɗe shi tsaf, yadda aka koya mata, har da sunkuyar da kai a ƙarshe. Wannan sunkuyarwar ce ta fi yi masa ciwo. Matar da ko a gaban likita ba ta sunkuyar da kai.

Fanka na ta ƙara. Warin fenti na tasowa daga ƙasa. Ya ji kalmar nan tasa ta taso ta zauna a kan harshensa, a shirye, mai sauƙi. In ya faɗe ta Yaya za ta tashi ta tafi da sanyin zuciya, ranar Litinin ya ce a dakatar, hannuwa su tashi. Ya dafa gilashin teburi da tafin hannu biyu.

"Ba zai yiwu ba, Yaya."

Ta ɗago ta dube shi. Shi ma sai ya ji maganar baƙuwa a bakinsa, don bai tuna ranar da ya taɓa faɗa wa wani ita a ɗakin nan ba.

"Ba inda za a kai shi kuma," ya ce. "Gefe ɗaya asibiti, gefe ɗaya tudu. In ban bi ta gidanki ba, ba za a yi magudanar ba gaba ɗaya, kuma mutanen gangare za su sake kwana a ruwa, bana da baɗi da bayan na mutu. Zan iya hana aikin. Jibi ma zan iya. Amma ba zan hana ba." Ya ɗauke hannuwansa daga kan gilashin. "Ba sai kin je gidajen bene ba. Ki dawo wurina, ga ɗakin ƙasa, a fasa masa ƙofa ta waje in kina so."

Ba ta tanka maganar ɗakin ba. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa ɗinki in tana neman inda ya karkace.

"Mai burodi ya zo, ka ce ba komai."

"Na ce."

"Mai gidan mai ma."

"Shi ma."

"Har mai gareji, da aka ce ko shekara uku bai yi a garin nan ba. To me suka fi ni, Auta?"

Ya nemi amsar da za ta yi daɗin ji, irin wadda ya ƙware a kai, ya rasa. Abin da ya rage gaskiya ce kawai, ita kuma ba ta da kyan gani.

"Ba su fi ki komai ba. Sun riga ki zuwa ne."

Yaya ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ni ai ban san ana zuwa ba," ta ce. "Ina ganin fentin yana matsowa lungu-lungu, shekara da shekaru, ban taɓa damuwa ba. Na ɗauka wanda yake da kai a gida ba sai ya zo ba."

Ta gyara jakarta a cinya. Sannan ta tambaye shi.

"Yaushe za su rushe?"

"Kafin damina."

"To ka ce su bar ni in cire ƙofofin da tagogin. Shi ya sassaƙa su, ba na so katafila ta taka."

Ta dafa teburi ta miƙe. Ya zagayo da sauri ya buɗe mata ƙofa, mutanen benci suka sake miƙewa suna ranka ya daɗe, bai ji su ba. A bakin matakala ya miƙa mata hannu. Ta dubi hannun, ta dubi tsawon matakalar, sannan ta kama shi, don gwiwoyinta ba za su iya su kaɗai ba. Suka sauka tare, taki ɗaya su tsaya, taki ɗaya su tsaya, waɗanda ke tsugune suna matsawa jikin bango. Hannunta ba nauyi, duk ƙashi, kuma bai san lokacin da ta rame haka ba. A haka har suka kai ƙasa.

A ƙofar shagon fenti ya ɗaga hannu zai kira direba ya kai ta gida. Ta saki hannunsa, ta gyara mayafi.

"Bar shi, zan hau ta haya. Ka koma sama, mutane na jiranka."

Ya tsaya yana kallonta tana tafiya a gefen titi, a hankali, tana ɗan jingina da motocin da aka ajiye, har ta kai inda ake tsayawa. Ba ta waiwayo ba. Da motar haya ta ɗauke ta, ya juya ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa.